Ku Rage Saurin Yi wa Shugabanni Shaida

Matasa 'yan'uwana, musamman ku da kuke raba dare kuna musu a Facebook kan wane shugaban Amurka ne masoyin baƙar fata, wane ne maƙiyinsu, don Allah ku sassauta. Jawabin da kuke kafa hujja da shi wasu ne suka rubuta, suka tace, aka miƙa wa mai gida ya karanta. Halin mutum sai an rufe ƙofa.

A watan Oktoba na 1971 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kaɗa ƙuri'ar bai wa gwamnatin Beijin kujerar China, abin da Amurka ba ta so ba. Wakilan Tanzaniya har da taka rawa a zauren. Washegari Ronald Reagan, yana gwamnan Kalifoniya a lokacin, ya bugo wa Shugaba Nixon waya, ya kira wakilan Afirka birai, ya ce har yanzu ba su saba da sa takalmi ba. Nixon ya kece da dariya. Na'urar da shi kansa ya sa aka ɓoye a fadar White House tana naɗa.

Ta yaya muka ji? Sai da 'yan jaridar Washington Post suka nace wa badaƙalar Watergate (kutsen da mutanen Nixon suka yi a ofishin jam'iyyar adawa da yunƙurin rufe zancen), majalisar dattawa ta shiga bincike, wani hadimin fadar ya fallasa zancen naɗin a 1973, kotun ƙoli ta tilasta wa Nixon miƙa faifan da aka nema a 1974, ya sauka daga mulki. Wannan Nixon ɗin ne aka ji a faifai yana nanata wa mai ba shi shawara kan tsaro, Henry Kissinger, cewa 'yan jarida abokan gaba ne. To, ai dole.

Haka ma leƙen asirin da hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta yi wa ƙungiyoyin baƙar fata. Ba gwamnati ce ta bayyana shi don Allah ba. A watan Maris na 1971 wasu suka fasa wani ƙaramin ofishinta a jihar Pennsylvania, suka aika wa jaridu takardun. Ministan shari'a ya nemi kada a buga, Washington Post ta buga.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga matashi ya tasar wa ɗan jarida da zagi don ya tambayi gwaninsa abin da yake ɓoyewa. 'Yan jarida ba waliyyai ba ne, akwai na cin hanci, akwai maƙaryata. Ku binciki labarinsu, ku nemi takarda ko murya, ku ƙaryata da hujja. Amma kada ku zama karnukan farautar mai mulki, alhali ba ku san me yake kiranku da shi a ɗaki ba.

Kuma ku san cewa tonon asiri yakan makara. Lokacin da aka saki wancan faifan a 2000, an cire kalaman Reagan, wai don kare sirrinsa. Sai a 2019, bayan wani masanin tarihi, Tim Naftali, ya nemi a sake dubawa, aka sake su. Kafin nan an zaɓi Reagan shugaban ƙasa sau biyu, a 1980 da 1984, ya gama mulkinsa, ya mutu a 2004.