Ba kowane ɓacin rai ne ciwon damuwa ba

Wani rahoto ya nuna kamar duk wanda ransa ya ɓaci na kwana biyu ya kamu da ciwon damuwa. Akwai gyara. Likitocin ƙwaƙwalwa ba sa kiransa haka sai alamu 5 cikin 9 sun kai mako 2, kuma dole ɗaya ta zama baƙin ciki ko mutuwar sha'awar abin da aka saba jin daɗinsa. Tunanin kashe kai kam ba a jira da shi, asibiti nan take.

Wajen magani aka fi yin ɓarna. Magungunan ciwon damuwa irin su fluoxetine sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin aikinsu ya fito sosai, ga tashin zuciya kan riga sauƙi isowa, sai mutum ya watsar a kwana 10 ya ce bai karɓe shi ba. Ko an samu lafiya, ana ci gaba aƙalla wata 6, sannan a janye a hankali.

A kuma gaya wa likita in an taɓa kwanaki ba barci, ga kuzari da surutu fiye da kima, don shan maganin damuwa shi kaɗai na iya sake tayar da wannan yanayin.