Zaure namu ne, cikin gida nasa ne

Ranar Asabar da ta wuce na je ɗaurin aure a unguwar Garin Malam, nan Damagaram. An shafa fatiha, ana rabon dabino da goro, sai wani matashi ya ratsa mutane ya tsaya gaban wani babba cikin waɗanda aka daɗe ana damawa da su a siyasar garin nan. Ya rusuna ya gaishe shi, ya ce: "Ranka ya daɗe, kwana tara ke nan famfon unguwarmu bai ɗiga ba. Sau uku muna zuwa biro ana cewa ba ka nan. Tunda Allah ya haɗa mu, ina son in ji daga bakinka." Bai ɗaga murya ba, bai nuna shi da yatsa ba. Kafin mutumin ya ce uffan, ƴan rakiya sun janye yaron, wannan na cewa ba shi da tarbiyya, wancan na cewa nan wurin biki ne.

Tun ranar musu bai ƙare ba a fadarmu, wurin hirarmu. Ni dai nawa ra'ayin shi ne yaron nan bai yi laifi ba, kuma raina ya ɓaci da yadda aka wulaƙanta shi.

Masu cewa a bar ɗan siyasa ya huta a lokacinsa na kansa, ku tuna kamfen ɗin zaɓen 2020. Wa ya zo fadodinmu bayan isha'i da sukari da ganyen shayi, ya tuɓe takalmi ya zauna kan tabarma? Wa ya riƙa bin suna da gaisuwar mutuwa, har gidajen da bai san sunan mai gidan ba? Lokacin hutunmu ne wancan, lokacin baƙin cikinmu ne, muka karɓe su hannu biyu. Su suka koya mana cewa maganar gari ana yin ta ko'ina. Har gobe, duk wanda ya je ƙofar babban mutum da kirari ko da roƙo, ba a ce masa ya zo ba kan lokaci ba. Sai mai tambaya kaɗai ake tuna wa ladabi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kuma ku dubi abin da yaron ya tambaya. Ruwa ya tambaya. Duk ɗan Damagaram ya san garin nan kan dutse yake zaune, rijiya ba ta ba da abin kirki, shi ya sa ake jawo mana ruwa daga nesa, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, daga Ganaram. Iyayenmu sun sha wannan wahala, mu ma mun tashi cikinta, ga shi ƴaƴanmu suna tashi da asuba su jera bido a bakin famfo kafin su tafi makaranta. A watan bazara magidanci yana lissafin kuɗin ga-ruwa kafin ya yi na cefane. Garin da ya riƙe babban birnin ƙasar Nijar har 1926, garin da ke da matatar mai a gefensa tun 2011, a ce har yau mace tana kwana ba ta yi wanki ba don rashin ruwa. Mutumin da ke cikin wannan hali ya yi ido biyu da wanda ya taɓa yi masa alkawari, ana so ya yi shiru saboda ana cin dabino?

Da ƙofar biro a buɗe take, da ni ma na ce yaron ya yi gaggawa. To amma kowa ya san yadda abin yake. Ka je a ce yana taro, ka koma a ce ya tafi Yamai, ka bar takarda ta shige aljihun tebur. Yanzu ma hanyoyin sun ƙara raguwa. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ba mu da zaɓaɓɓiyar majalisar dokoki, a Afrilun 2024 kuma aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo. Ɗan kansilan unguwa da kake iya tsayarwa a bakin masallaci babu shi. Duk wanda ke riƙe da al'amarin jama'a yau, zaɓaɓɓe ne a da ko naɗaɗɗe ne yanzu, nauyin sauraro ya ƙaru a kansa. Akwai hadisin da wani sahabi ya tunatar da Mu'awiya, cewa wanda Allah ya ɗora wa al'amarin Musulmi sannan ya shamakance kansa daga buƙatunsu, Allah zai shamakance shi daga tasa buƙatar ranar ƙiyama. Da Mu'awiya ya ji, sai ya sa mutum na musamman kan buƙatun jama'a.

Amma fa akwai iyaka, kuma ba sai mun aro ta daga wani wuri ba, tana nan cikin ginin gidajenmu. Shiga Birni ka duba tsofaffin gidaje. Kowanne da zaurensa. A zaure mai gida ke karɓar baƙo, a nan ake kai ƙara, a nan ake sasanta rigima. Bayan zaure kuwa, ko amininka ne ba ya wucewa sai da izini. Kasuwar Dole, bakin masallaci bayan an idar da salla, filin ɗaurin aure, gidan mai, a wurina duk zaure ne. Ka gaishe shi, ka faɗi damuwarka, ka tsaya ka ji amsa.

Cikin gida kuwa nasa ne. Matarsa ba ta riƙe muƙami ba, ɗiyarsa da ke hanyar makaranta ba ta yi wa kowa alkawari ba. Wanda ke jinya a asibiti, ko yake tsaye bakin kabarin mahaifiyarsa, a wannan sa'ar ɗan'uwanka ne da ke cikin jarrabawa, ka yi masa addu'a ka wuce. A Suratul Hujurat Allah ya zargi waɗanda suka riƙa ƙwala wa Annabi (SAW) kira daga bayan ɗakuna, ya ce da sun yi haƙuri har ya fito da ya fi musu alheri. Suna da buƙata, amma hanyar ce ba ta dace ba.

Abin da na fi tsoro shi ne sabon yayin nan na ɗaga waya. Mutum ya tare babba, abokinsa na gefe yana ɗauka, burin kawai a kunyata shi a watsa a WhatsApp. Wanda ya ga kyamara a fuskarsa ba zai gaya maka gaskiya ba, kare kansa zai yi, gobe kuma ya ƙara masu gadi. Haka taron dangi. Mu da muka ga 16 ga Janairu 2015 a garin nan, muka ga yadda fushin taro ya koma wuta, aka ƙone coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, aka rasa rayuka, mun san cewa in mutane suka yi yawa ba mai iya riƙe linzaminsu. Mutum ɗaya ko biyu da tambaya a baki daban, gungun da ya kewaye mota daban.

Yaron Garin Malam bai ɗaga waya ba, bai zo da gayya ba. Jiya na neme shi na same shi. Mun yi magana da mai unguwarsu, ya yarda zai raka su. Su biyar za su je ranar Juma'a bayan la'asar, da takarda ɗauke da sunayen layukan da ruwa ya yanke, su yi sallama a zaure su zauna har ya fito. Na ce masa ni ma da ni za a je.