Bakandamiya ko waƙoƙin ƙasan akwati: me tsohuwar ƙungiyar metal za ta kaɗa a rangadi?

Duk lokacin da wata tsohuwar ƙungiyar kiɗan metal, wato kiɗan Turawa mai ƙarar jitar lantarki da ganguna, ta sanar da rangadi, rigima ɗaya ce ke tashi tsakanin masoyanta. Wasu su ce sun gaji, shekara arba'in ana maimaita musu waƙoƙi goma, a buɗe akwati a fito da waɗanda ba a taɓa ji a kan dandamali ba. Wasu kuma su ce kuɗinsu suka biya, waƙar da ta sa suka san ƙungiyar ita suka zo ji. Ni matsayina a fili yake. Bakandamiya bashi ce a wuyan ƙungiya, dole ta biya kowane dare. Amma a jerin waƙa goma sha biyar, gurbi uku haƙƙin waƙoƙin da aka binne ne. Wadda kuma take son ta wuce haka, to ta faɗa tun kafin a fara sayar da tikiti.

Mu fara da lissafi, domin a nan yawancin masu gardamar ke zamewa. Wasan babbar ƙungiya awa biyu ne ko kusa da haka, minti 120. Cire kiɗan shigowa, da gaisuwar mawaƙi, da sauya jita, da ɗan hutun da ake yi kafin a dawo zagayen ƙarshe, abin da zai rage bai fi minti 105 ba. Waƙar metal kuwa ba ta minti uku ba ce, da yawa suna kai shida, bakwai, har goma. Shi ya sa jerin yake tsayawa a waƙa 15 ko 16. Iron Maiden, wadda Steve Harris ya kafa a Landan a 1975, tana da faifai 17. Metallica, ƙungiyar Amurka, na da 11. Ke nan ko waƙa ɗaya tak aka ɗauka daga kowane faifan Maiden, lokaci ya ƙare ba a gama ba. Kuma ba a iya ƙara lokacin da son rai: filayen wasa da dama a Turai suna da ƙa'idar sa'ar da za a kashe sauti saboda maƙwabta, wanda ya wuce ya biya tara. Duk waƙar minti tara da aka shigar, biyu ne gajeru suka fita.

Sai maganar su wa ke cikin filin. Mai neman waƙar da aka binne shi ne wanda ya ga ƙungiyar sau goma, yana bin ta gari-gari, ya haddace jerin daren jiya. Muryarsa ce ta fi ƙarfi, amma ba shi ne ya cika filin mutum dubu hamsin ba. A bayansa akwai wanda ya tara kuɗi wata da watanni, wannan ne ganinsa na farko, ƙila kuma na ƙarshe. Akwai yaran da suka san "Master of Puppets" ta Metallica a 2022 ta hanyar wani shirin Netflix, shekara 36 bayan fitowarta. A wurinsu waƙar ba ta tsufa ba. Hana irin wannan mutum bakandamiya don a burge 'yan sahun gaba zalunci ne, ba na ɓoye wannan.

An ma gwada abin. A 2014 Metallica ta yi rangadin da ta bar wa masu tikiti su zaɓi waƙoƙi da ƙuri'a, gari-gari: waƙa 17 ta jama'a, ɗaya sabuwa ta ƙungiya. Me ya fito? A mafi yawan garuruwa waƙoƙin da aka saba ji ne suka lashe. Wurin da aka fi tunawa shi ne Helsinki, inda mutanen Finlan suka haɗa kai suka tura "The Frayed Ends of Sanity" ta shekarar 1988, aka kaɗa ta cikakkiya karon farko. Darasin nan biyu ne. Jama'a idan aka ba su wuƙa da nama bakandamiya suke yanka. Kuma idan ƙungiya ta zauna jiran jama'a su roƙi waƙar ƙasan akwati, za ta daɗe tana jira. Ita ce za ta yanke shawarar ta fito da ita.

Ɗaya gefen kuma, akwai 2006. Iron Maiden ta fitar da A Matter of Life and Death, waƙa goma, sama da minti 70, ta hau dandamali ta kaɗa faifan daga farko har ƙarshe, sannan ta rufe da tsoffi biyar. Faifan mai kyau ne, kuma ina girmama ƙarfin halin. Sai dai wanda bai saurari sabon faifan ba ya tsaya sama da awa ɗaya bai ji baitin da zai iya amsawa ba. A kiɗan metal amshin jama'a rabin wasan ne. Idan fili ya yi sanyi minti ashirin a jere, dawo da shi aiki ne, balle minti saba'in. Da suka ci gaba da rangadin a 2007 sun rage sabbin sun ƙara tsoffi, sannan a 2008 suka fita rangadin da ya koma kan waƙoƙin shekarun 1980.

Yanzu ga abin da masu cewa "ai a saka ta kawai" ba su lura da shi ba: tono waƙa daga akwati tsada gare shi.

Na farko, makaɗan sun manta ta. Wannan ba abin kunya ba ne. Waƙar da aka ɗauka a situdiyo shekara talatin da suka wuce, an yi ta ne gaɓa-gaɓa, jita a kan jita, wani lokaci layi huɗu ko biyar, alhali a dandamali masu jita biyu ne ko uku. Sai an zauna an saurara, an raba wa kowa nasa, an yanke abin da za a bari. Wani lokacin wanda ya kaɗa ta tun asali ya bar ƙungiyar ko ya rasu. Waƙa mai sauye-sauyen tafiyar kiɗa kuwa, a wurin sauyin take karyewa: mai ganguna ya shiga sabon sashe, mai jita yana tsohon, sai a ji daƙiƙa biyar na ruɗani a gaban dubban wayoyi masu ɗauka.

Na biyu, ɗaurin jita. Metallica tun tsakiyar shekarun 1990 take sassauta igiyoyinta da rabin mataki a wasannin dandamali don a sauƙaƙa wa muryar mawaƙinta James Hetfield, kuma akwai waƙoƙi irin "Sad but True" da ɗaurinsu ya fi haka ƙasa. Kowane ɗauri jitarsa daban, da ta ko-ta-kwana idan igiya ta tsinke. Ƙara waƙa ɗaya mai baƙon ɗauri na nufin ƙarin jitoci a akwatunan kaya, ƙarin aiki ga masu kula da su, da shirun kusan minti ɗaya kafin ta da bayanta. Mai tsara jeri da ya san aikinsa yakan jera masu ɗauri iri ɗaya kusa da juna.

Na uku, wasan ba sauti kaɗai ba ne. Fitilu, majigi, hayaƙi da wutar da ke tashi duk an tsara su a kwamfuta, waƙa-waƙa, wasu ma daƙiƙa-daƙiƙa. Wutar kuma sai da izinin hukumar gari da sanin inda kowane makaɗi zai tsaya. Wannan ne dalilin da Iron Maiden ba ta cika sauya jeri a tsakiyar rangadi ba: kusan kowace waƙa da labulen zanenta na baya, da kayan da mawaƙinsu Bruce Dickinson zai sa, da lokacin da dodonsu Eddie zai fito. Metallica ta fi sassauci. Mai gangunansu Lars Ulrich ne ke rubuta jerin, yana duba abin da suka kaɗa a garin a zuwan baya, kuma suna da ɗakin bita a bayan dandamali inda suke ɗumama hannu kafin su fito. Tsari biyu ne daban, kada a auna su da mudu ɗaya.

Na huɗu, kuma wanda ya fi nauyi, jiki. Dickinson haihuwar 1958 ne, ya yi jinyar kansar harshe a 2015. Hetfield da Ulrich haihuwar 1963 ne. Waƙar da saurayi ɗan shekara 25 ya rera da ƙololuwar murya sau ɗaya a situdiyo, ba ita ce dattijo zai maimaita dare uku a mako ba. Wasu waƙoƙin an binne su ne domin ba sa reruwa a kai a kai, ba don an raina su ba. Idan aka tilasta, sakamakon murya ce da ta dushe a mako na biyu da wasannin da aka soke.

To me ya sa duk da haka na nace a kan gurbi uku? Domin ƙungiyar da ke kaɗa jeri ɗaya shekara da shekaru hannunta ne kawai ke aiki, hankalinta ya tafi wani wuri, kuma ana jin hakan daga ƙasa. Waƙar da ake tsoron kuskure a cikinta tana farkar da makaɗi, farkawar kuma takan bi shi har cikin bakandamiyar da ke biye. Sannan masu bin ƙungiya gari-gari su ne suka riƙe ta a shekarun da kasuwa ta faɗi, lokacin da Maiden ta koma ƙananan zauruka a tsakiyar shekarun 1990. Suna da haƙƙi.

Inda za a ajiye su ma da ƙa'ida. Waƙa uku na farko dole su zama masu tada fili, a lokacin ne kuma mai haɗa sauti ke gyara ma'auninsa, don haka ba wurin gwaji ba ne. Huɗu na ƙarshe na bakandamiya ne, babu ciniki. Baƙin waƙoƙin suna shiga tsakanin ta huɗu da ta goma, kuma kada biyu su haɗu a jere, a raba su da wadda kowa ya sani. Doguwa ɗaya ta isa a dare guda. Mawaƙi ya gabatar da ita da jimla biyu, daga wane faifai, wace shekara, don wanda bai sani ba ya gane cewa abin da yake gani ba kullum ake samu ba. A tanadi shida ko bakwai da aka yi wa bita sosai, ana juya uku a cikinsu. A manyan bukukuwa irin Wacken na Jamus ko Download na Ingila, inda da yawa wata ƙungiyar suka zo gani, a rage zuwa ɗaya.

Rangadin M72 na Metallica, wanda ya fara a Amsterdam a Afrilun 2023, ya bi wata hanya: dare biyu a gari ɗaya, ba a maimaita ko waƙa guda. Waƙa kusan talatin ke nan, wuri ya samu. Amma dabarar masu hali ce. Wanda kuɗinsa na dare ɗaya ne, ko dai ya ji "Master of Puppets" ko "Enter Sandman", ba zai haɗa biyun ba. Abin da ya wanke su shi ne sun faɗa tun farko.

Faɗar nan ita ce ta raba 2006 da 2023 a wurin Maiden. A rangadin The Future Past sun sanar cewa faifai biyu za a tsaya a kai, Senjutsu na 2021 da Somewhere in Time na 1986. Waƙa 15 suka kaɗa: biyar daga wannan, biyar daga wancan, biyar daga sauran. Babu "Run to the Hills", babu "The Number of the Beast", biyu daga cikin bakandamiyoyinsu, amma wanda ya sayi tikiti ya san abin da ya saya, ya sami watanni ya saurari faifan biyu. Kuma ba a jera sabbin a wuri ɗaya ba, an gauraya su da tsoffi. A daren farko, 28 ga Mayun 2023 a Ljubljana ta Sulobeniya, suka kaɗa "Alexander the Great", waƙar sama da minti takwas da masoya suka shekara 37 suna roƙo ba a taɓa yi ba.

Wanda ya buga gangunanta a daren shi ne Nicko McBrain, wanda ya buga ta a faifan tun 1986. Watanni kaɗan kafin nan, a Janairun 2023, ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, ya yi jinya ya dawo kan kujerarsa. Ya kammala rangadin, sannan a Disamban 2024, a São Paulo ta Barazil, ya yi wasansa na ƙarshe ya ajiye yawon rangadi yana ɗan shekara 72. Da ƙungiyar ta ƙara jan ƙafa shekara biyu kacal, da babu wanda zai taɓa jin wannan waƙa daga hannun mutumin da ya fara buga ta.