Hoton tsauni ɗaya, sun kwashe data sun ƙwace akwatin bincike

Wallahi rainin hankalin masu ƙera ekstenshan ɗin sabon shafi ya isa haka. Ekstenshan dai ƙaramar manhaja ce da ake ƙara wa burauza irin Chrome. Mutum ya shiga Chrome Web Store don ya ƙawata shafin da ke buɗewa idan ya danna Ctrl+T, a nuna masa hoton tsauni da agogo da "barka da safiya", ya danna girkawa. Bayan kwana biyu kwamfuta ta fara jan ƙafa, bincike ya koma wani gidan da bai taɓa jin sunansa ba, datar wata ta ƙare tun ranar goma sha biyar.

Abin haushin, aikin da suke yi ba ya buƙatar komai. Layi ɗaya ne a manifest.json, fayil ɗin da ke bayyana wa burauza aikin ekstenshan, mai suna chrome_url_overrides, yake sauya sabon shafi, kuma izini ɗaya tak ya dace burauza ta nuna: sauya shafin da ake gani idan an buɗe sabon tab. To don Allah me ya haɗa agogo da izinin karantawa da sauya duk bayananka a dukkan shafukan intanet? Wannan izinin ya haɗa da shafin bankinka, da imel, da WhatsApp na kwamfuta. Wasu kuma su ƙara da tarihin duk inda ka leƙa. Sai su dasa nasu akwatin bincike a tsakiyar shafi, kamarsa ɗaya da na Google, amma duk abin da ka rubuta sai ya bi ta sabarsu, wato kwamfutarsu ta intanet, su ci kuɗin talla, sannan su jefa ka wani wuri.

Maganar data ita ta fi ƙona rai. Mai kunna hotsifot daga waya, bayan an amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Najeriya a Janairun 2025, ba ya da megabait na wasa. Duk mai shakka ya buɗe sabon shafi, ya danna F12, ya shiga Network, ya sake loda shafin, ya duba jimillar da ke ƙasa. A ce hoto ɗaya megabait 2 ne, kuma ekstenshan ɗin irin mai sauko da sabo a kowane buɗewa ne. Tab 50 a rana, kwana 30, gigabait 3 ke nan a kan kallon dutse! Masu bidiyo mai motsi kuwa ba a magana. A danna Shift+Esc a ga abin da kowane ekstenshan ke ci na RAM, wato ma'adanar da kwamfuta ke aiki da ita. A tsohuwar laftof mai gigabait 4, irin wadda ta cika shagunan buga takardu, fanka ce za ta fara ba da labari.

Ko ka tantance kafin ka girka, ba ka tsira ba. Ekstenshan yana sabunta kansa ba sallama, kuma ana sayar da shi kamar akuya a kasuwa. Ekstenshan ɗin The Great Suspender ba na sabon shafi ba ne, amma ya isa misali: ya sauya hannu a 2020, Google ta fitar da shi daga shagonta a Fabrairun 2021 saboda muguwar manhaja. Chrome na dakatar da ekstenshan ne idan sabuntawa ta nemi ƙarin izini. Wanda ka riga ka miƙa wa komai tun ranar farko ba zai sake tambayarka ba, sabon mai shi ya gaji mabuɗin gida.

Cirewa kuma wani tashin hankali ne. Ekstenshan ɗaya kaɗai ke riƙe sabon shafi a lokaci guda, na ƙarshen girkawa, shi ya sa za ka cire ɗaya wani ya leƙo daga ƙarƙashinsa. A rubuta chrome://extensions a wurin rubuta adireshi a cire su duka, ba kashewa kawai ba. Daga nan chrome://settings/search a mayar da injin bincike, sai chrome://settings/onStartup a goge duk baƙon adireshi. Mai Firefox ya bi about:addons da about:preferences#home.

Idan maɓallin cirewa ya ƙi fitowa, kuma burauza na cewa wai wata hukuma ce ke kula da ita alhali kwamfutarka ce ta gida, to an yi maka sakiyar da ba ruwa. Abin na iya shigowa daga manhajojin sata da ake girkawa a kasuwa. A buɗe chrome://policy a nemi ExtensionInstallForcelist ko NewTabPageLocation, umarnan da ke tilasta girka ekstenshan ko kafe sabon shafi. Sake saita burauza ba ya taɓa su, domin a rajistar Windows, inda ake ajiye saitunan kwamfuta, suke kwance. Sai an buɗe regedit, manhajar gyara rajistar, an bi HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Policies\Google\Chrome, an goge su, an duba irin wannan wuri a HKEY_CURRENT_USER, sannan an cire manhajar da ta dasa su, in ba haka ba gobe su dawo. Kwamfutar ofis ce? Kada a taɓa, na masu kula da ita ne. Duk wannan wahala fa kan agogo, wanda akwai shi a kusurwar allo tun fil azal.

Alhali Chrome na da maɓallin Customize Chrome a ƙasa ta dama na sabon shafi. Ka ɗora hotonka daga cikin kwamfuta, ka zaɓi launi, ka jera gajerun hanyoyi, ba saukar da hoto kullum, ba baƙon da aka ba izini. Wanda kuma dole sai ya girka, ya shiga Details na ekstenshan ɗin a chrome://extensions, ya mayar da Site access zuwa On click, wato ba zai leƙa shafi ba sai an danna shi. Idan agogon ya daina aiki saboda an hana shi leƙen shafin banki, a danna Remove.