Kwanar Ray Allen da kwatar filinmu

Har gobe ina kan bakana, a wasannin ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA, jifan Ray Allen na Miami na 2013 ya fi na Michael Jordan na Chicago na 1998, kuma abin da ya same ni ranar Asabar bai rage wa maganar komai ba. Masu turo min bidiyon kuma ku huta, ina wurin aka ɗauka.

An tashi daga wasa gab da magariba, muna zaune muna jiran awara, Dogo ya tayar da tsohon musunsa. Kun san karatun, ya haddace shi: 14 ga Yuni 1998, wasa na shida a Salt Lake City (wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai shi ke ɗaukar kofi), Stockton na Utah ya saka jifan maki uku saura daƙiƙa 41.9, Utah 86 Chicago 83. Jordan ya kutsa ya saka biyu, ya lallaɓo ta bayan Karl Malone ya fizge ƙwallo, ya taho da ita abinsa, ya yanke Bryon Russell, ya tashi, 87-86, saura 5.2. Na ce masa duk na yarda, sai dai ya tsallake hannun hagun Jordan da ke jikin Russell, wanda mutanen Utah ke kuka a kansa har yau. Ban da haka Chicago ce ke gaba 3-2, da ya ɓarar akwai wasa na bakwai. Ƙwallo tana hannunsa, fuskarsa tana kallon kwando, shi ya zaɓi wurin da zai tashi.

Shi kuwa Allen me ya zaɓa? Ranar 18 ga Yuni 2013 San Antonio ce ke gaba 3-2, tana kuma gaba 94-89 saura 28.2. Ma'aikata sun fara jan igiyar nan mai ruwan ɗorawa a gefen fili don bikin ba da kofi, 'yan kallon Miami sun fara ficewa. LeBron na Miami ya saka uku, Kawhi na San Antonio ya ɓarar da ɗaya cikin jifan kyauta biyu, ya zama 95-92. Popovich, kocin San Antonio, ya ajiye dogon ɗan wasansa Duncan a benci. LeBron ya sake jefa uku ta ƙi, Bosh na Miami ya yi tsalle ya cafe, Allen da ke can kusa da kwando ya ja da baya-baya zuwa kwanar dama bai ko dubi ƙasa ba, ya karɓa, ya tashi Tony Parker na San Antonio na kansa. 95-95, saura 5.2, daidai da na Jordan. Sai da alƙalai suka je suka kalli hoto suka tabbatar ƙafarsa na bayan layi. Miami ta ci 103-100 a ƙarin lokaci, ta ci wasa na bakwai.

Wahalar tana ƙafa. Tsakanin layin maki uku da layin fita a kwana taku uku ne kacal, wajen santimita 91. Ka gaza, ka taka layin gaba, maki biyu ne, an cinye ku da ɗaya. Ka zarce, dunduniya ta taɓa layin baya, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Ga jikinka yana tafiya baya, dole ka turje da tafin ƙafa, ka durƙusa kaɗan, ka mayar da nauyin nan sama, in ba haka ba kafaɗa za ta kwanta baya, ƙwallo ta mutu a gaban ƙarfen kwando. Allen ya daɗe yana atisayen wannan: ya kwanta a ƙasa kusa da kwando, ya miƙe, ya ja baya zuwa kwana, a ba shi, ya jefa.

A nan Dogo ya ce, "To Yaya, tunda ka iya karatun, tashi ka biya mana."

Kafin in tashi Kawu ya sa baki, kuma dole in tsaya a kan Kawu. Mutumin nan ba wanda ya taɓa ganin ya riƙe ƙwallo. Kullum yana kan bencin nan da rediyonsa da carbinsa, amma duk musun da aka yi sai ya kai shi 1994. A wurinsa duk waɗannan jife-jifen wasan yara ne, aikin maza shi ne abin da Hakeem Olajuwon na Houston ya yi a wasa na shida da New York: Houston na gaba 86-84, John Starks na New York ya tashi zai jefa ukun da zai ba su kofi, Hakeem ya miƙa yatsu ya taɓa ta. Gaskiya ne, ba mai ja, ɗan Legas ya tsare gida, suka ci na bakwai. Amma muna maganar wanda ya saka, shi yana maganar wanda ya hana. Ka faɗa masa haka, ya ce, "Yaro, kai dai ba ka son naka." Ni da furfura a gemu, yaro. Shi wannan Kawun ya naɗa kansa mai agogo, ba wanda ya roƙe shi.

Aka tsara. Ni zan kwanta ƙarƙashin kwando, ƙaramin nan mai rigar Lakers ya jefa ta bugi ƙarfe, Dogo ya zama Bosh, Kawu ya ƙirga. Na cire silifas na mayar da kambas, na ɗaure igiya. Na kwanta rigingine a kan simintin da rana ta yini tana dafawa, ina kallon sama, yaran unguwa suka kewaye fili, masu kallon ƙwallon ƙafa a shagon gefe ma suka leƙo.

Ƙarfe ya yi ƙara, na yunƙura. Miƙewar ba laifi, duk wanda ya ce na dafa gwiwa ya ji tsoron Allah. Na fara ja da baya, ido a kan Dogo, hannaye biyu a buɗe daidai ƙirji, yadda ake so mai jiran fasin ya yi. Gajerun taku, a kan yatsun ƙafa, ƙugu a ƙasa. Ban dubi ƙasa ba, don duban ƙasan shi ne abin da na gama cewa Allen bai yi ba.

Yanzu a saurari lissafi, tunda masu dariya ba su yi shi ba. Fili na ƙa'ida faɗinsa mita 15, daga tsakiya zuwa gefe 7.5. Layin uku a kwana yana mita 6.6, saura santimita 90, bayan layin fita kuma doka ta ce a bar fili mita biyu ba komai a ciki. Namu ranar Lahadi na je da tef na auna, faɗin simintin mita 14 ne. Mai fentin ya zana layin uku daidai, Allah ya saka masa, amma abin da ya rage a kwana santimita 40 ne, takalmina kuma 30. Mita biyun bayan layi kuwa, a wurinmu gaɓar siminti ce, sai gangara, sai kwatar da ke ɗauke ruwan masu wankin mota, a bakinta kuma teburin mai awara. Ray Allen da kansa a kawo shi nan, ni da shi za mu haɗu a ƙasa.

Sai fasin ɗin Dogo. Bosh ya ba Allen ƙwallo a inda zai iya tashi da ita nan take. Dogo ya lulo min ita sama da kai, da ƙarfi, ta ɓangaren hagu. Duk wanda ya taɓa wasa ya san abin da wannan ke yi wa mai ja da baya: hannu ya bi ƙwallo sama, haɓa ta ɗaga, ƙugu ya miƙe, nauyi ya bar yatsu ya koma dunduniya. Dunduniyar dama ta nemi siminti, ta tarar da iska.

Na cafe ta fa. Wannan a rubuta. Kuma ina cikin tafiya baya na sake ta, har da karya wuyan hannu. A daidai nan ne komai ya yi sanyi-sanyi a idona. Na ga ƙwallon ta tashi. Na ga bakin Dogo a buɗe. Na ji Kawu yana cewa "uku", sai na ji "ɗaya", biyu ko oho. Mazaunaina suka fara sauka a gaɓar siminti, na ɗan yi sama, bayana ya sauka a gangara, gwiwar hannu ta daki ƙafar tebur, sannan na zarce cikin kwata kamar buhun masarar da aka turo daga a-kori-kura, ƙafafu a sama. Ruwan sabulu ne da baƙin mai, da ɗumi. Ina kwance ina neman numfashi sai ga abu yana sauko min a fuska, ja. Ita ƙwallon ta je ta bugi kaifin allo, abin da jifan kwana ke yi in kafaɗa ta karkace, ta dawo ta sauka a farantin yaji.

Atishawa ta kama ni a cikin kwata. Ka yi atishawa, ruwa ya shiga kunne, ka ɗaga kai, yaji ya shiga ido. Ba wanda ya miƙo hannu, kowa ya riƙe ciki. Dogo yana durƙushe yana bugun siminti, yana cewa sau huɗu na yi tsalle kafin in shiga, irin ƙwallon Kawhi. Ga waɗanda ba su sani ba, ta 2019 yake nufi, lokacin Kawhi yana Toronto, wasa na bakwai da Philadelphia, 90-90, ya jefa ta saman Embiid daga kwanar dama, ta daki ƙarfe sau huɗu ta faɗa. Uku na yi, bidiyon yana nan, amma sunan ya riga ya kama ni.

Mai awara ce kaɗai ta ce, "Sannu Kawu," kafin in amsa ta ɗora da, "Yajin nan yanzu na zuba shi."

Kawu na gaskiya kuwa ya taso da sandarsa, ya zo bakin kwata, ya leƙo. Na ɗauka sannu zai yi. Ya ce, "Ko ta shiga ba ta ci ba, lokaci ya ƙare." Daga cikin kwatar na ce masa ya tsallake biyu. Ya ce bai tsallake ba, a zuci ya faɗe ta. Na ce to ko haka ne, Derek Fisher na Lakers a 2004 saura daƙiƙa 0.4 ya karɓa ya juya ya jefa aka ƙirga masa, Lakers ta ci San Antonio 74-73, doka ma 0.3 ta ce ya isa mutum ya karɓa ya jefa, abin dubawa shi ne ƙwallo ta bar hannu kafin ƙararrawa, kuma tawa ta bar hannu tun ina da ƙafa ɗaya a siminti. Ya yi shiru yana jan carbi, na ce yau na kama shi. Sai ya nuna gaɓar da sanda ya ce, "Ita ƙafa ɗayar a kan layi take." Ya juya, yana tafiya yana faɗa wa yara cewa da Hakeem ne a wurin da ko tashi ba ta yi ba.

Ana ta kiran salla, na shiga wurin masu wankin mota suka watsa min ruwa da tiyo, suka ce in bar kuɗin. Maganar yaji kuma har yanzu tana nan. Ni na ce Dogo ne zai biya tunda fasin ɗinsa ne, shi ya ce wanda ya jefa. Mun ce Kawu ya raba, ya ce shi bai ga lokacin ba.

Wanda ya tafi da silifas ɗina, shuɗi, mai ƙusa a ƙasan na hagu, ya ba mai awara ta ajiye min.