Da an riƙe Maleme dare ɗaya, da Kirit ba ta faɗi ba

Ana yawan cewa ƙarfin jiragen sama ne ya bai wa Jamus tsibirin Kirit na ƙasar Girka a 1941. Ni a ganina wuri guda aka yi sake, filin jirgin Maleme, kuma cikin dare ɗaya.

Ranar 20 ga Mayu sojojin laima na Jamus ƙarƙashin Janar Kurt Student suka dira a Maleme, Chania, Rethymno da Heraklion, suka kwashi kashinsu a hannu. Yawancinsu ƙaramar bindiga da gurneti kawai ke jikinsu, manyan makaman suna cikin akwatunan da aka jefo daban, sai mutum ya rarrafa nema ana yi masa ruwan harsashi. Har rana ta faɗi babu filin jirgi ko ɗaya a hannunsu. In kuwa babu fili, babu ta inda runduna ta 5 ta sojojin tsaunuka za ta sauka.

Laftanar Kanar Leslie Andrew na bataliya ta 22 ta Niyu Zilan, ɗaya daga ƙawayen Birtaniya masu kare tsibirin, shi ne ke riƙe da Tudu 107, wanda daga kansa ana hango titin saukar jirage kamar tafin hannu. Bamabamai sun tsinke wayoyin tarho, oba-oba ta yi rauni, ya daina jin ɗuriyar rukunonin sojojinsa biyu na gaba. Ya ɗauka an gama da su, alhali suna nan daram. Ya nemi ɗauki wajen shugabansa Birgediya Hargest, abin da aka turo bai taka kara ya karya ba, sai ya janye cikin dare. Washegari da yamma jiragen Jamus masu jigilar sojoji, samfurin Ju 52, suka fara sauka, duk da ruwan igwar da ake yi musu.

Da me ya kamata a yi? Tun 19 ga Mayu aka kwashe ragowar jiragen Birtaniya zuwa Masar, amma aka bar titin lafiyarsa lau, wai ko za a dawo. Ramuka da nakiyoyi sun isa su lalata shi. Yammacin busasshen kogin Tavronitis kuma ba a girke kowa ba, can Jamusawa suka sake haɗuwa. Sannan bataliya ta 21 da ta 23 na Niyu Zilan suna kusa: a daren 20 ɗin nan ya kamata su afka, lokacin da jiragen Jamus ba sa iya kai hari kuma 'yan laima sun galabaita. Janar Freyberg, babban kwamandan masu kare tsibirin, yana samun bayanan sirri na Ultra, wato saƙonnin Jamus da Birtaniya ke warwarewa, amma tsoron hari ta teku ya sa ya ajiye dakaru a gaɓa. Ayarin kwale-kwalen da yake tsoro kuwa sojojin ruwan Birtaniya suka tarwatsa shi daren 21. Da sojojin Niyu Zilan suka kai farmakin ƙwato filin a ranar 22, gari ya waye musu a hanya.

Masu ja da ni za su ce ko an ci wannan makon, ciyar da tsibirin zai gagara. Suna da hujja: tashoshin ruwa masu amfani duk a arewa suke, ƙarƙashin jiragen Jamus, kuma Birtaniya ta yi asarar manyan jiragen ruwan yaƙi na kuruza 3 da distiroya 6. Sai dai Hitler ya auka wa Tarayyar Sobiyet ranar 22 ga Yuni, kuma jiragen saman Jamus ɗin nan can ake jiran su. Wata guda kacal Freyberg yake bukata ya jure.