Jakar sirdi a Walsall da jakar sirdi a gida

Mu Hausawa mun iya yi wa doki ado, wannan ba ya neman shaida. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya ga jalala da bishiri da ɗan ƙirji suna ɗaukar ido, ya san babu wanda zai koya mana. Amma ra'ayina shi ne mun daɗe muna yi wa idon 'yan kallo aiki, mun manta da gadon bayan dokin da kuma mahayin da zai yi doguwar tafiya a kansa. Ƙaramin abu ne ya nuna mini haka, wato 'yar jakar fata da ake ɗaurawa a jikin sirdi, wadda mahayi ke zuba gorar ruwa da waya da ƙarfen sakace kofato a ciki.

Ina zaune ne a yankin Birmingham, kuma Walsall na nan kusa da mu. Garin sirdi da linzami ne na Ingila, har ƙungiyar ƙwallon ƙafarsu laƙabinta masu ɗinka sirdi. Wajen 1900 kusan mutum 10,000 ne ke cin abinci da fata a garin. Da mota ta zo kasuwa ta karye, yadda babur ya karya ta a wurinmu, amma sana'ar ba ta mutu ba. Har yau ana ɗinka sirdi da hannu a can, kuma a 1988 suka buɗe gidan tarihin fata a cikin wata tsohuwar masana'anta.

Bari in faɗi yadda suke yin jakar, don a nan maganar take. Mai ɗinkin ba ya taɓa fata sai ya yanka fasalin a takarda mai kauri: gaba, baya, marufi, da dogon yankin da ke zagaye gefe ya ba jakar ciki. Sai ya gwada a kan sirdin da za a ɗaura wa, saboda zobban ƙarfen da ake rataya kaya ba wuri ɗaya suke a kowane sirdi ba. Fatar saniya yake amfani da ita, jimar itace, mai kaurin milimita 2 zuwa 3. Maɗauri kuwa daga gadon bayan fatar yake yanko shi, domin nan ne ba ta miƙewa, ta wajen ciki sakewa take yi in ta ji nauyi. Ya feƙe bakin kowane yanki don kada mahaɗa ta yi tudu, ya sa alamar ɗinki da wani ƙarfe mai haƙora, huda 8 zuwa 10 a kowane inci, ya matse aikin a cikin katako tsakanin gwiwoyinsa. Zaren lilin ne, a shafe da kakin zuma, allura ɗaya a kowane bakinsa. Ya huda da basilla, allurar dama ta wuce, ta hagu ta biyo ta cikin hudar guda, ya ja su tare. Amfanin wannan ɗinki shi ne in zare ɗaya ya tsinke, ɗayan na riƙe da fatar. Ɗinkin keke kuwa in ya tsinke wuri ɗaya, yana iya warwarewa ya bi layi.

Abin da ya fi burge ni ba ɗinkin ba ne. Shi ne yadda ake juya jakar a dubi bayanta, ɓangaren da zai kwanta a jikin doki, wanda babu ɗan kallon da zai gani. Ba a barin ƙulli ko ƙusa ko bakin ƙarfe a nan, sai fata sumul. Gumin doki gishiri ne, yana cin zare, yana sa baƙin ƙarfe tsatsa, shi ya sa ake zaɓar tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Jakunkunan bibbiyu ake yin su don nauyi ya zo daidai dama da hagu, a kuma sa musu maɗauri na ƙasa don kada su riƙa dukan haƙarƙarin doki in ya fara sassarfa. Ba a yarda nauyi ya sauka bayan sirdi, saitin ƙoda, inda bayan doki ba shi da ƙarfi. Duk mai jaki a ƙauyenmu ya san haka game da mangala, ba ya cika gefe ɗaya ya bar ɗaya. Ilimin namu ne ma, sakaci muka yi da shi wajen doki.

To mu fa me muke da shi? Muna da abin da su ba su da shi, kuma ba don kishin gida na faɗa ba. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce ayari ya riƙa ƙetarawa da ita Sahara, ta isa Turai ana ce mata fatar Maroko, masu ɗaure littattafai a Ingila suna nemanta saboda kyan fuskarta da ƙarkonta. Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda takalma da jemammun fatu ke fita daga birnin zuwa arewacin Afirka. Majemanmu na jima da bagaruwa, a rina ja da karan dafi, baƙi da kuloko. A nan Ingila majema ɗaya tak ta rage mai jima da ɓawon itacen oak a tsohuwar hanya, a Colyton da ke Devon, inda fata ke shekara guda a cikin rami, ana kuma alfahari da ita ana tsawwala kuɗinta. Mu kuwa jimar itace tana nan a Kano da Sakkwato da Damagaram, a hannun mutanen da ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. Ga launi. Jakar Walsall baƙa ce ko ruwan ƙasa, iyakarta ke nan. In ka ajiye ta kusa da aikin dukawan Kano, ko jakar Buzaye ta Agadas mai tsanwa da tuntaye, sai ka ji tausayin mahayin da bai taɓa ganin irin wannan ba.

Kuma dukawanmu sun iya ɗinkin ƙarko. Gafakar Alƙur'ani da ake gada daga kaka zuwa jika da zabirar wanzami da ke yawo a kafaɗa shekara da shekaru sun isa hujja.

Inda muka yi sake shi ne kayan doki sun koma na rana ɗaya. Ana saye ne gab da Sallah ko bikin angwanci, ana so ya yi ƙyalli a hoto, ya kuma yi araha. Baduku kuwa abin da kasuwa ta tambaya shi zai yi. Sai ka ga an liƙa siririyar fatar akuya a kan kwali da gam, ko a ɗauko ledar kujerar mota a bi ta da keke a watsa mata ƙyalƙyali. Na taɓa sayen irin wannan jaka a wani zuwa gida da na yi, damina ɗaya ba ta kai ba maɗaurin ya rabu da jikinta, domin a kan fatar ado aka ɗinka shi, ba a kan ƙirgi ba. Ban ga laifin wanda ya ɗinka ba kamar yadda na ga laifinmu masu saye, da muke taya aikin kwana uku da kuɗin yini ɗaya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, haka ma ba a san jaka ba sai ta sha gumi da ruwan sama.

Sannan ga matsalar fatar kanta. Ta saniya, wadda ita ce ƙashin bayan jakar sirdi, mafi yawanta tukunya take shiga a matsayin ganda. Ta awaki da tumaki kuma masana'antun Challawa da Sharaɗa ke jemewa a fitar da ita zuwa Italiya da Sifen, baduku na Ƙofar Wambai ya samu ragowa.

Ba na cewa mu kwaikwayi Ingila kacokan. A can aikin hannu ya zama na masu hali, talakan mahayi jakar nailan yake saya, kuma matasan da ke shiga sana'ar kaɗan ne. Sai dai akwai abu ɗaya da ya kamata mu ɗauka. Tun 1966 manyan masu ɗinka sirdi na ƙasar suna da ƙungiya da ke kula da ingancin aiki, almajiri yana shekaru yana koyo, ana jarraba shi mataki mataki kafin a kira shi gwani. Mai saye ya san abin da sunan ke nufi. Mu ma muna da Sarkin Dukawa, muna da cibiyar nazarin fata a Samaru ta Zariya, muna da gidajen da sana'ar ke gado a cikinsu. Abin da ya rage shi ne a haɗa su su tsayar da ƙa'ida: wannan kaurin fata ne na maɗauri, wannan ne yawan huda, wannan ne irin ƙarfen da za a sa, wanda ya cika a buga masa hatimi a jikin aikinsa.

Masu saye suna nan. Akwai 'yan folo a Katsina tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, akwai su a Kano da Kaduna, kuma yawancin kayan dokinsu daga waje ake shigo da su. Akwai samarin da ke fita kilisa da yamma, kowa da waya a aljihu tana barazanar faɗuwa. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, baƙi za su ƙaru, kuma baƙon da ke hawa doki a ƙasarsu zai juya jakar ya dubi bayanta kafin ya ciro kuɗi.

Jakar da nake so in gani ita ce mai jikin ƙirgi jimar bagaruwa, ɗinkin allura biyu, bayanta sumul, marufinta kuma jar fatar Sakkwato da zanen dagi. Duk kayan haɗinta ana samunsu tsakanin Majema da Kurmi. Ina roƙon masu dawakinmu, wanda duk zai ba da aiki bana ya kai sirdinsa wurin baduku a auna, ya ba shi lokaci, ya biya kuɗin ɗinkin hannu ba tare da ja-in-ja ba.